Amsa: da wane kaka zan fara rubuta tarihin gidanmu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, cewa kin zuba sunayen danginku kusan ɗari uku a manhajar salsala, kina son ki riƙa rubuta labarin kakanni ɗaya bayan ɗaya saboda yaranki da suka tashi a Jidda, amma kin rasa da wa za ki fara. Ni a Gadarif nake a ƙasar Sudan, asalin gidanmu garin Mai Wurno, kuma shekara shida ke nan ina wannan aiki da manhajar Gramps a kwamfuta. Shawarata ita ce ki fara da kakan da mai ba da labarinsa ya fi kowa tsufa. Bari in gaya miki abin da ya sa.

Lokacin da na fara, ban yi wani dogon tunani ba, na ɗauki kakan mahaifina. Shi ne abin alfaharin gidan, don yana cikin waɗanda suka bar ƙasar Hausa tare da Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Da Sarkin ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, sai suka ci gaba da tafiya gabas bayan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka yada zango a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake. Na shafe fiye da shekara a kansa. Da na karanta abin da na tara, sai na ga tarihin hijira ne na rubuta, wanda kowane gida a garin yake da shi. Mutumin kansa, jimla uku kawai na sani: yana ɗinkin hula, ya yi aure biyu, bai kai Makka ba. Duk wanda ya gan shi da ido ya riga mu gidan gaskiya tun ban san kaina ba.

A cikin wannan shekarar goggona ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai ta rage da ta san uwarsu ciki da waje, matar da ta rasa miji da ƙuruciya, ta riƙe 'ya'ya biyar da tsinkar auduga a gonakin Jazira da suyar ƙosai. Kullum cewa nake zan je mata bayan Sallah. Yau idan na buɗe shafin kakar tawa, abin da ke ciki bai wuce laƙabinta ba, Iya. Ko sunanta na yanka sai da na yi yawo kafin in samu. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Daga nan na sauya tsari. Gramps tana ba ka damar liƙa wa mutum alama mai launi. Na ƙirƙiri ja, na sa wa duk mamacin da akwai dattijo rayayye da ya zauna da shi, na rubuta a bayaninsa ko wane ne dattijon da kimanin shekarunsa. Sai na tace jerin da wannan alama. Daga mutum ɗari huɗu da wani abu, goma sha bakwai suka fito. Na jera su bisa tsufan mai shaida, ba bisa girman mamacin ba. Wanda ya zo na farko ƙanin kakana ne, mai sayar da agashe, wato tsiren Sudan, a tashar jirgin ƙasa, wanda da ba zan taɓa tunanin rubuta shi ba. Matarsa tana nan da ranta. Na zauna a kan tabarmarta wuni biyu da wayata tana ɗaukar murya, tana sheƙe gyaɗa a faifai tana magana. Ba ta kama sunansa ko sau ɗaya ba, "shi Malam" kawai take cewa, amma ta gaya mini yadda yake haɗa yajin ƙuli, da ranar da ya sayar da akuyarsa ya biya wa wani baƙon alhaji kuɗin jirgi zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya. Sautin yana nan na maƙala shi a shafinsa.

Ki kula da abu ɗaya. Manhaja tana jan ido zuwa ga wanda shafinsa ya cika, kuma a wajenmu mai takarda shi ne namiji, malami ko ma'aikaci. Mata su ne ke zama fayau, saboda alkunya ta ɓoye sunayensu. Don haka ki riƙa tace waɗanda sunansu bai cika ba da waɗanda ba a san iyayensu ba. Akwai ma rahoton da ke fito miki da inda kowane reshe ya yanke. Ki duba da kyau, za ki tarar yawancin rassan a kan uwa suke tsayawa.

Batun shekaru kada ya tsayar da ke. Takardun da yawa daga tsofaffinmu a nan ɗaya ga Janairu suke nunawa, don likita ne ya ƙiyasta shekarun, ba rajistar haihuwa ba ce. Gramps tana da zaɓin da ke nufin "wajen", "kafin", "bayan" da "tsakanin", tana kuma karɓar kalandar Hijira. In tsohuwa ta ce an yi mata aure ana gama madatsar ruwan Sinnar, ki sa wajen 1925. In ta ce shekarar da Ingilishi suka tafi, 1956 ke nan. Ki rubuta wa ya faɗa miki da ranar da ya faɗa. Haka sunaye: Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, ni na taɓa raba mutum ɗaya gida uku. Ki shigar da kowane laƙabi, har da yadda aka rubuta sunan da Larabci.

Manyan rumbunan intanet irin su FamilySearch da Ancestry ƙarfinsu yana kan rajistar coci da ƙidayar Turai da Amurka, ban dogara da su ba. Abin da kuma ya shafi saki, ko rigimar gado, ko asalin da zai sosa ran wani, ki yi shawara da manya kafin ki fitar, rayayyu kuma ki sa musu alamar sirri.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dattawanmu sun warwatsu, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu wajenku. Cikin goma sha bakwai ɗin nan, na cire jar alama daga mutum biyar, don dattawan da suka san su sun rasu. Ki fitar da kwafin aikinki a tsarin GEDCOM, wato fayil ɗin da manhajojin salsala ke karantawa, ki aika wa ɗan'uwa a wani gari. Sannan a daren nan ki buɗe jerin, ki ga wace tsohuwa ce ta fi kusa da ke, ki kai mata goro gobe.