Alex Jones: gaskiya ya faɗa aka hukunta shi?

Tambaya: Ina gabatar da shirin siyasa na kai-tsaye a wani gidan rediyo. Abokan aikina suna cewa an tsiyata Alex Jones na Amurka ne saboda ya faɗi gaskiyar da gwamnati ba ta so, kuma mu ma haka za a yi mana. Hankalina ya tashi. Shin ra'ayi kawai yana iya jawo wa mai gabatarwa irin wannan asara?

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, domin abokan aikinka ba su san shari'ar da suke magana a kai ba. An haifi Jones a Dallas ta jihar Texas a 1974, ya fara shiri a talabijin da rediyo a birnin Austin, ya kafa shafinsa na labarai a intanet mai suna Infowars a 1999, kuma ya yi dukiya da tallar magungunan ƙarin kuzari ga masu sauraronsa. Shekaru da yawa yana zargin gwamnatin Amurka da ƙulla makirci iri-iri, ba a ɗaure shi a kan haka ba.

Abin da ya kayar da shi daban ne. A ranar 14 ga Disamba 2012 wani ɗan bindiga ya kashe yara 20 da ma'aikata 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke jihar Connecticut. Jones ya dinga nanata wa masu sauraronsa cewa kisan ƙarya ce da aka shirya, kuma iyayen da ke kuka 'yan wasan kwaikwayo ne. Mabiyansa suka bi waɗannan bayin Allah da zagi da barazana, har wasu suka bar gidajensu. Iyayen ne da kansu suka kai ƙarar ɓata suna, ba gwamnati ba. A 2022 kotun Connecticut ta ɗora masa diyyar da ta haura dala biliyan 1.4, bayan shi da bakinsa ya amsa a wata kotu a Texas cewa kisan ya faru.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma nake jinsa kullum daga bakin masu gabatarwa da sojojin baka, shi ne zaton cewa "ra'ayina ne" ko "an ce" garkuwa ce. Wallahi ba garkuwa ba ce. Idan ka ce gwamna ya gaza, ra'ayi ka faɗa. Idan ka ce wane ya sace kuɗin rijiyar unguwa, ka yi da'awar abin da ya faru, kuma kotu hujja za ta nema a hannunka. Maimaita ƙazafin wani ma ɗaukar alhakinsa ne, ko da mai kiran waya ne ya furta ka bar shi yana zubawa don shiri ya yi armashi. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin faɗar albarkacin baki, amma sashe na 45 ya ba doka damar taƙaita shi don kare haƙƙin wasu, abin da masu ba da fatawar lauya a bakin shayi ba sa karantawa.

Ka ci gaba da sukar masu mulki ba tare da tsoro ba. Amma duk zargin da ya ambaci sunan mutum, ka riƙe takardarsa ko muryar shaidarsa kafin ka buɗe makirufo, ka nemi jin ta bakin wanda ake zargi, kuma ka katse mai kiran da ya fara cin mutunci nan take.