Tambaya da Amsa: Zan iya koyon sake cika kwanson harsashi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Zariya. Mahaifina maharbi ne, yana da bindigar farauta mai baki ɗaya da lasisinta, ni nake raka shi gonarmu ta wajen Giwa. Harsashi ya yi tsada, ga wuyar samu. Ina ganin Amurkawa a YouTube suna sake cika kwanso a gida, har na bindigogin nan masu ɗura kansu bayan kowane harbi. A nan ma akwai wani da ke karɓar kwanso ya cika a rabin kuɗi. Abin da ya hana ni barci shi ne, bara bindigar abokin mahaifina ta tarwatse a hannunsa ya rasa yatsu, aka ce jifa ne. Zan iya koyon wannan aiki lafiya, ko mu riƙa sayen na mutumin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗi da tsoro ya sa ka tambaya kafin ka taɓa komai. Kada ka koya, kada kuma ku saya. Aikin gyara da ajiyar makamai shi na yi har na yi ritaya, saboda haka bari in faɗa maka dalili.

Ta fuskar doka maganar gajera ce. Dokar Makamai ta 1959, wadda har gobe ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin bindigogin soja masu cin harsashin 7.62, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta irin ta mahaifinka, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma ko a cikinsu an cire masu ɗura kansu. Sai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisin mahaifinka izinin riƙewa ne da sayen harsashi wajen dila mai rajista. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi aikin ma'aikatun gwamnati ne, irin DICON, ma'aikatar ƙera makamai da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma wanda aka kama yana yi a gida ɗaurin shekaru yake fuskanta. Ba'amurken da ka gani dokar ƙasarsa ce ta ba shi dama. Kai a Zariya kake.

Amma na san doka ba ita ke hana mutanenmu ba, don haka mu zo kan abin da ke cinye yatsu da idanu. Maganar da na fi ji a bakin maharba da 'yan sa-kai ita ce wai albarushi duk ɗaya ne, in ka ƙara yawa ka ƙara ƙarfi. Wallahi wannan magana ta nakasa bayin Allah da yawa.

Baƙin albarushin da kakanninmu ke zubawa a adaka daban, garin da ke cikin harsashin kamfani daban. Na kamfani shi ne marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro a 1884, kuma idan aka kulle shi a bututu ƙarfin da yake bayarwa ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba. Shi kansa marar hayaƙin iri-iri ne birjik. Wani yana cin wuta da sauri, an yi shi don bindigar farauta da ƙaramar bindiga. Wani a hankali yake ci, an yi shi don doguwar bindiga. Ka zuba su a tafin hannu, idonka ba zai raba maka su ba. Ka sa mai saurin a mazaunin mai jinkirin, ƙarfe ya buɗe a fuskarka.

Ka duba lissafi. Matsin iskar tayar mota, a ma'aunin matsi da ake kira psi, ba ya wuce 30 da 'yan kai. Harsashin farauta mai lamba 12 an ƙayyade masa 11,500. Na AK-47 yana kai wa wajen 45,000, na bindigar soja mai cin 5.56 kuwa ya haura 50,000. Duk wannan ƙarfi yana tashi ne a ɗan taƙi kaɗan daga idonka na dama. Shi ya sa waɗanda ka gani a bidiyo ba da cokali suke awo ba. Sikelinsu yana gane bambancin da bai kai miligiram 7 ba, garinsu yana zuwa a gwangwani da suna da lambar kamfani, kuma suna bin jadawalin da aka gwada a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi. Amurka tana da hukumar SAAMI tun 1926 don ƙayyade wannan awo, Turai tana da CIP. Duk da haka su ma bindiga tana fashe musu in an yi sakaci. To mutumin da ke zaune a zaure da gari a ƙullin leda, wanda bai san sunansa ba balle ranar da aka yi shi, yana awo da murfin kwalba, da me ya dogara? Ya gaya maka ya shekara yana yi ba abin da ya faru? Ba shi ke harbawa ba. Wanda abin ya faru da shi yana gida da dungu, an ce masa jifa ne.

Wannan magana ta jifa tana ƙona min rai. Bututu ya tsage, maimakon a tambayi me aka ɗura, sai a tafi neman wanda ya yi sammu, a sayi laya a ɗaura wa gindin bindiga, a koma wajen mai cikawar nan a sake saye. Ƙarfe bai san laya ba. Ka je ka tambayi abokin mahaifinka cikin ladabi abin da ke cikin bindigar ranar. Zato na shi ne ɗaya daga cikin ukun nan: ko cikon gida ne da ya yi yawa, ko an farke harsashin kamfani an juye garinsa a adaka don wai ta yi ƙarfi, ko kuwa wani abu ya toshe bututun. Na ukun ma sau da yawa daga cikon gida yake zuwa. Garin ya yi kaɗan ko ya sha danshi, harbin ya fita da rauni, abin ya maƙale a tsakiya, mai bindiga bai duba ba ya sake ɗurawa ya harba.

Bindigogi masu ɗura kansu da ka ambata sun fi kowacce rashin haƙuri da kuskure. A da yawa daga cikinsu iskar harbin ce ke tura ƙarfen ciki baya ya jefar da kwanso ya cusa sabo da ƙarfi. Idan maɓallin gindin harsashi, wanda ke kunna garin, bai zauna daidai ba, bindigar tana iya tashi da kanta tun ba a taɓa kunama ba, wani lokaci ma kafin ta kulle. Idan kan harsashin ya nutse ciki wajen cusawa, matsi ya haura. Kwanson da ya sha harbi yana iya rabewa biyu. Ko a can ƙwararru ba sa son sabon shiga ya fara da su, kuma yawancin kwanson AK na ƙarfe ne da ba a yi shi don maimaici ba.

Na san neman lasisi da sabunta shi akwai jeka-ka-dawo mai gajiyarwa, manomi yana tsoron ɓarayin daji ana ce masa ya dawo wata mai zuwa. Wannan jan ƙafa shi ke tura mutane hannun masu cikon zaure, kuma ya kamata hukuma ta ji kunyar hakan. Amma harsashi biyar na kamfani sun fi hamsin na leda.

Ga abin da za ka gaya wa mahaifinka. Ya sayi na dila kawai, lambar da ke jikin bindigarsa, ya ajiye inda ba danshi ba zafi, nesa da yara da murhu. Kafin ya ɗura ya karya bindigar ya leƙa bututun ta baya, don laka ko gidan zanzaro ma suna toshe shi. In ya ja kunama ba ta tashi ba, ya bar bakinta a inda ba kowa, ya jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin ya buɗe. In ƙarar harbi ta fita da sanyi ba kamar kullum ba, ya tsaya ya duba. Cikon gidan da ke hannunku kada ku ce bari a ƙarar da shi, kada ku jefa a wuta ko ku farke, ku nemi shugaban ƙungiyar maharbanku ya raka ku a miƙa wa 'yan sanda.

In kuma tsautsayi ya faɗa wa wani, a danne jinin da tsumma mai tsabta, kada a zare ƙarfen da ya shige, kada a zuba toka ko garin magani, ido kuwa a rufe shi ba tare da dannawa ba, a nufi Asibitin Koyarwa na Shika ko mafi kusa. Tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda ya ji raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, don haka kada tsoron tambaya ya sa a ɓoye shi a ɗaki har hannun ya ruɓe.