Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa: farashi ɗaya ko gwargwadon shiyya?

Malam, ka tambaya me ya sa a New York kuɗin jirgi ɗaya ne duk inda za ka, amma a Landan sai an ƙirga shiyyoyin da ka ratsa, kuma wanne ya fi adalci.

A New York, a 2023 an sa farashin dala 2.90, tasha biyu za ka ko ƙarshen layi. A ƙofar shiga kawai kake taɓa katinka, fita kuwa ba ruwan kowa. A Landan dole ka taɓa wajen shiga da wajen fita, don na'ura ta san nisan da ka yi. In ka manta, mafi tsadar kuɗi za a cire maka.

Ni dai na fi karkata ga farashi ɗaya. Sau da yawa masu ƙaramin ƙarfi ne tsadar haya ke korawa bayan gari, sai kuma tsarin shiyya ya ƙara musu nauyi kullum safe da yamma. Gaskiya a tsarin farashi ɗaya, mai gajeriyar tafiya shi ke ɗaukar wa mai doguwa wani kaso, wannan ba musu. Paris ma ta koma farashi ɗaya na Yuro 2.50 a Janairun 2025.