Me ya sa ruwan sama ba ya ƙaruwa kamar tururi?

Malam, tambayarka ita ce: tunda iska mai ɗumi ta fi riƙe tururi, me ya sa hasashen kwamfuta ke nuna ƙarin ruwan sama kaɗan?

Duk ƙarin digiri 1 na ma'aunin Celsius a ɗumin duniya, tururin da ke cikin iska yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100, ruwan saman duniya kuwa kashi 1 zuwa 3 kacal. Zafi ne ke taka masa birki. Idan tururi ya zama ɗigo yana sakin zafi a sama, kuma sai iska ta fitar da zafin nan zuwa sararin samaniya kafin wani ruwan ya samu sauka.

Kada ƙaramin adadin ya ruɗe ka. Ruwa kamar da bakin ƙwarya yana bin kashi 7 ɗin ne, daga nan ambaliya ke zuwa.

Haka kuma, kada ka ɗora matsakaicin duniya kan garinku. Manhajojin kwamfuta masu wannan hasashen suna yanka duniya gida-gida, kowanne kusan kilomita 100, hadari kuwa sau da yawa bai kai wannan faɗin ba. Wannan na cikin dalilan saɓaninsu kan Sahel. Don shirin noma ko magudanar ruwa, tuntuɓi NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ko cibiyar AGRHYMET ta Yamai mai nazarin yanayi, noma da ruwa.