Kayan ɗakin 'yar tsana da tufafinta: ina ake samunsu da araha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata mai shekara bakwai ta samu kyautar 'yar tsana irin ta roba, tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba, ita dai a yi wa 'yarta ɗaki da gado da kayan kicin. Na leƙa kanti na ga saiti, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Shin akwai hanyar da zan bi? Daga wata uwa a Zariya.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki sayi ko allura, ɗauko tef ɗin awo ki auna tsawon 'yar tsanar, domin a nan mutane ke asarar kuɗinsu. Idan irin doguwar nan ce mai zubin Barbie, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1959, tsawonta ya kusa santimita 30, komai nata kuwa kashi ɗaya cikin shida ne na kayan mutum. Gadon da mutum ke kwanciya a kai mai ƙafa shida, nata ƙafa ɗaya ne. Su kuwa ƙananan kayan ɗakin da ake sayarwa a kantuna da intanet, da yawansu an yi su ne a kan ɗaya cikin goma sha biyu, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Kin ga gadonsu inci shida ne kacal, rabin tsawon 'yar tsanar. Sai ki biya kuɗi masu yawa, a kawo, yarinya ta kwantar da 'yarta ƙafafu na reto a waje, kuka ya tashi. Hoton talla ba ya nuna girma, don haka ko da wata rana kin samu hali, ki tambayi awo tukuna.

Shi ginin ɗakin, kwali ya isa. Ki je wurin mai shagon unguwa ki nemi kwali mai kauri, irin na sabulu ko na man girki, ko mafi kyau na talabijin. Ki tabbata tsayin cikinsa ya kai santimita 40 don ta iya tsayuwa. Ki yanke gefe guda ya zama buɗe, ki manna farar takarda a bango, ki shimfiɗa guntun ledar tsakar ɗaki a ƙasa. Idan kina son wanda zai jure ja-in-ja na ƙanne, kafinta na da guntayen katako da yake zubarwa ko ya bai wa masu tuya, sau da yawa kuɗin ƙusa da na aiki kawai za ki biya.

Kayan ciki kuwa suna nan cikin gidanki. Kwalin ashana shida, a jera uku uku a manne, a liƙa ɗan dutsen ado a goshin kowanne, kin samu durowa mai buɗuwa da gaske. Soson wankin kwano sabo guda biyu ko guntun katifa daga wurin masu yin kujeru, a lulluɓe da ƙyalle, katifa ta samu. Murfin man goge baki kofi ne, murfin lemon kwalba faranti, murfin turare tukunya, madubin tsohuwar hoda kuma ya hau bango. Turmi da taɓarya da tulu da murhu, yumɓu ne maganinsu, a bar su su bushe a inuwa don kada su tsage. Idan kaka ta yi an girbe dawa, ki sa a samo miki kara. Da ɓawonsa da totuwar cikinsa yaran karkara ke ƙera gado da kujera da mota tun kaka da kakanni, ba ƙusa ba gam, sai soke wannan cikin wancan. Ɓawon yana yanka hannu, ke za ki fere mata shi.

Abu uku ne nake ganin sun cancanci kuɗinki: almakashi mai kaifi, farin gam irin na kafintoci, da fenti mai narkewa da ruwa irin na 'yan makaranta. Wasu na dama fulawa ko sitaci su yi gam da shi. Yana kamawa, amma yana gayyato kyankyaso, da damina kuma ya yi fumfuna. Ki kuma bar yarinyar ta yi rabin aikin da hannunta ko da zai karkace. Wadda ta jera ɗakin 'yarta da kanta ba ta saurin watsar da shi.

Tambaya: Ina koyon ɗinki, ina so in riƙa ɗinka kayan 'yar tsana ina sayar wa ƙawayena da maƙwabta. Atamfa zan saya turmi guda, ko yaya? Daga wata ɗaliba a Kano.

Ƙanwata, kada ki kuskura ki sayi turmi. Yadi shida ne, riga da zane da ɗankwalin 'yar tsana kuwa ba su cinye faɗin ɗankwalinki ba, sai ki wayi gari da kaya iri ɗaya tuli, masu saye kuma kowa launinta take so. Jarinki yana ƙarƙashin keken telolin unguwa. Ki kai wa biyu ko uku leda babba ki roƙi su riƙa tara miki ƙyallaye, musamman a azumi da gab da Babbar Sallah lokacin da ɗinki ke yawa. Kada ki je karɓa ana jibi Sallah, ransu a ɓace yake, ki bari sai an sauko. Ɗan ihsani ko ɗinka wa 'yar telan kaya ɗaya kyauta zai sa ledar ta riƙa cika.

Wajen zaɓe, ki duba zanen jikin ƙyallen. Atamfa mai manyan furanni ba ta yi, fure ɗaya zai rufe 'yar tsanar gaba ɗaya, a rasa gane me ta sa. Mai ƙananan zane ko ɗigo-ɗigo ita ce ta dace. Shadda mai maiƙo tana da tauri, takan tsaya ƙiƙam a jikin ƙaramin abu, sai kin wanke ta ta yi laushi. Bakin leshi da tela ke yankewa yana yin mayafi da labule masu kyau ƙwarai. Tsohon gyale marar nauyi shi ma haka. A gwanjo kuma, kamar na Ƙofar Wambai, ki nemi rigunan jarirai da safa masu launi: safa ɗaya, a yanke ta a huda wurin hannu, ta zama doguwar riga ba tare da ɗinki ba. In dole sai kin sayi sabo, ki shiga Kantin Kwari ki tambayi masu yankan yadi ragowar ƙarshen bandir, sukan karya farashinsa.

Zif ya yi wa irin wannan kaya girma. Ki yi amfani da siririyar roba a ƙugu, a baya kuma abin nan mai mannewa da ake sa wa takalmin yara, ki raba shi gida biyu a tsaye. Bakin ƙyalle idan yana zarewa, ki shafa masa farin gam da aka sirka da ruwa. Kada ki ɗiga gam mai kamawa nan take, wato sufa gulu, a kan auduga: yana ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, ga shi yana sandarar da ƙyalle.

Tambaya: Jikata shekararta biyu, tana ganin na yayyenta tana kuka. In haɗa mata irin nasu? Daga wani kaka a Maraɗi.

A'a Baba, tukuna. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa, kuma duwatsun ado da murafen kwalba da ƙananan tukwane suna iya maƙale masa a maƙogwaro. Mafi haɗari su ne ƙaramin batir mai kamar maɓalli da ke cikin kayan wasa masu haske, da ƙananan maganaɗisu. Idan yaro ya haɗiye ɗayansu, asibiti za a nufa nan take, ba a jira. A ɗinka mata 'yar tsana ta ƙyalle mai girma, a cusa auduga a ɗinke tam, idanu da baki a yi su da zare maimakon maɓalli, a haɗa mata da ɗan zanen goyo da babban kwali marar ƙusa da za ta riƙa kwantar da ita. Ɗakin yayyen kuma a ɗora shi a inda hannunta ba zai kai ba, su riƙa tattara ƙananan kayan cikin gwangwani mai murfi da zarar sun gama wasa.