Tambaya da Amsa: Kwas ɗin kiriminoloji na 'yan sanda ne kawai?

Tambaya: Salam Anti, na cike kiriminoloji a JAMB amma Baba ya ce karatun 'yan sanda ne, bai dace da mace ba, don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki kwantar da hankalin Baba, ba koyon kama ɓarawo ba ne, nazari ne kan abin da ke sa mutum ya aikata laifi tun farko. Za ku fara da Lombroso, likitan Italiya da a 1876 ya ce wai a fuska ake gane mai laifi, an daɗe da watsar da wannan, sai Merton na Amurka da a 1938 ya nuna idan al'umma tana girmama kuɗi amma ta toshe wa matashi hanyar halal to zai nemi ta bayan fage, ni wallahi duk sanda na ga yaran daba wannan bayanin ne yake faɗo min. Digirin shekara 4 ne, jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma tana yi. Aiki kuma akwai NDLEA, EFCC, gidajen gyaran hali, inda mata fursunoni ke matuƙar buƙatar mace mai sauraronsu. Ki samu Baba cikin ladabi ki karanta masa wannan.