Dillali ya riƙe motar gadonmu, ni kuma na samu mai saye

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 haɗin Kaduna, fentinta da injinta duk na asali. Wata huɗu da suka wuce na kai ta wurin wani dillalin motoci a Kano, na yanka masa kuɗin da kada ya sallama ƙasa da shi. Ba mu yi rubutu ba, na dai bar masa makulli da takardu. Yanzu na samu mai saye da kaina, tayinsa ya fi haka. Da na je ɗauka sai dillalin ya ce wani ya riga ya ba da kafin alƙalami, kuma ko an fasa sai na biya la'ada da kuɗin ajiya. Tunda sunan mahaifina ne a takardun, ba zan iya zuwa da 'yan sanda in ɗauke motata ba?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta namu zuwan. Malam, zan fara da kalmar "motata". In ba a raba gado motar ta faɗo a rabonka ba, ko sauran magada ba su wakilta ka ba, to dukiyar magada ce gaba ɗaya, kuma kowane ɗayansu na iya tayar da maganar cinikin daga baya. Ka samu amincewarsu a rubuce kafin komai.

Sai babban kuskuren, wato zaton cewa sunan da ke kan takarda ya isa ya kare ka. Ba lallai ba ne. Daga ranar da ka miƙa mota da takardunta na asali ga mutumin da sana'arsa ita ce sayar wa mutane motoci, ka ba shi ƙarfin da ya wuce abin da ka yi niyya. Akwai ƙa'idar da muka gada daga dokar Ingila ta 1889 kan wakilan ciniki: idan irin wannan wakili ya sayar da kayan da ke hannunsa da yardar mai su, ta hanyar da aka saba, ga wanda ya saya da zuciya ɗaya bai san an saɓa wani sharaɗi ba, cinikin na iya ɗaure mai kayan. A shari'ar Folkes da King ta 1923, mai mota ya ce kada a sayar ƙasa da fam 575, wakilin ya sayar a kan fam 340, kotu kuma ta bar wa mai saye motar. Abin da ya rage wa mai ita shi ne ya bi wakilin. A Kotun Shari'ar Musulunci kana iya samun sauƙi, domin a mazhabar Malikiyya cinikin da wakili ya ƙetare iyakarsa a cikinsa yakan tsaya ne a kan amincewar mai kaya. Amma a can ma sai ka tabbatar da iyakar da ka sa, kai kuwa ba ka da rubutu. Ina fatan akwai shaidu, ko saƙon waya.

Wannan bai nuna dillalin na da gaskiya ba. Kafin alƙalami ba kullum yake nufin ciniki ya faɗa ba. Ya danganta da ko an yi sallama, a kan nawa, kuma yaushe. Mutumin da ya yi wata huɗu shiru, sai ranar da ka zo ɗaukar mota mai saye ya ɓullo, ya kamata ya nuna rasit da shaidar shigar kuɗin. Ka nemi ya nuna maka, cikin lumana. Ka kuma rubuta masa yau cewa ka janye wakilcin, ka riƙe kwafi, ka karɓo takardun asali in zai yiwu. Janyewar da mai saye bai sani ba ba lallai ta kare ka ba muddin motar na hannunsa.

Batun 'yan sanda kuwa ban ba ka shawara ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓanin yarjejeniya kawai. Da ya sayar ya cinye kuɗin, da an shiga maganar cin amana ƙarƙashin sashe na 311 na Penal Code, wato kundin dokar hukunta laifuka, amma bisa bayaninka ba a kai nan ba, kuma in ka sa aka tsare shi yana iya juyowa ya maka ka kotu.

La'ada, a galibi, sai dillali ya kawo cinikin da ya tabbata yake cin ta, sai dai in kun yi magana a kan wani abu dabam. Kuɗin da ya kashe da gaske, kamar wanki ko cajin batir, yana iya nema, har ya ce zai riƙe motar sai an biya. Kuɗin ajiyar da ba a ambata tun farko ba kuwa, zai yi masa wuyar karewa.

Don haka ku yi sulhu. Ka fara da shugaban dillalan wurin, ka tafi da babba daga cikin danginku. In ta ƙi, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano. Ƙara na iya cin watanni, motar na zaune a rana fentin da ake saye dominsa yana ƙonewa, mai sayen naka kuma ba zai jira ba. Ɗan abin da za ka ba dillalin na wahalarsa zai fi kuɗin lauya sauƙi.

In motar ta dawo ka sayar da kanka, ka tsira da la'ada amma nauyin duka ya dawo kanka. Mai sayen tsohuwar mota irin wannan asalinta yake biya, saboda haka kalmar "na asali" da ka faɗa tana iya zama sharaɗin ciniki. In an taɓa sauke injin ko an yi mata fenti, ka faɗa, a kuma rubuta. Ɓoye aibi na ba mai saye damar mayar da kaya a Musulunci. Sauran sananne ne: takardar yarjejeniya mai lambar inji da ta shasi, shaidu biyu, canjin suna a ofishin lasin. Kada ka miƙa makulli don ka ga saƙon banki a waya, sai ka tabbatar kuɗin sun zauna a asusunka.

In kuma kun daidaita motar ta ci gaba da zama wurin dillalin, a rubuta mafi ƙarancin farashi, la'adarsa, wa'adin ajiya, wanda zai ɗauki asara in ta lalace, da cewa kuɗi asusunka za su shiga kai tsaye. Ka ba shi kwafin takardu, na asalin su zauna a gida har ranar biya.